Ranar da Muka Share Kududdufi

Litinin, farkon damina

Zuwa ga 'yar gwaggona, Sista,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, irin wadda ake yi wa mutumin da ya shekara bakwai bai taka garinsu ba amma har yanzu ana ajiye masa kujera. Ina fatan kina lafiya, ke da yara, da marasa lafiyar nan da kike tsawata wa har su warke don tsoro. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta soma sanar da ni zuwan hadari kafin rediyo. Uwargida tana gaishe ki. Hawan jininta ya sauka tun da na daina karanta mata jarida da ƙarfi.

Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Na buga sau biyu, duka biyun kika ce kina ɗakin haihuwa, kika kashe. Takarda ba a kashe ta. Shi ya sa na ba direban motar safe wannan.

Shekaranjiya na tarar da magini a filin marigayi mahaifinki na bayan tasha, da igiyar awo da turaku. Ya ce ke kika aiko shi, za a kawo tifa a cike kududdufin a ɗora ɗaki huɗu. Fili naki ne, ba mai ja da ke. Amma akwai laifin da muka shekara huɗu muna yi miki a wurin, gara ki ji shi daga bakin ɗan kawunki.

Kin bar wurin juji ne: leda, gwangwani, mushen kaji. Mahauci ne ya fara. Wata rana muna zaune a bencin ƙofar shagon Mai Agogo, ya ce ungulun da suke cika rufin mayanka sun koma uku. Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Tsuntsun da ya shekara talatin yana share min wurin aiki, bai taɓa cewa in ba shi komai ba, yana ƙarewa ban ko lura ba." Washegari ya turo baro ya fara kwashe shara daga kududdufinki, domin a nan suke sha suke wanka. Mako biyu yana yi shi kaɗai, mutane suna cewa rana ta taɓa shi. Sai Tela, matar nan mai keken ɗinki a kusurwar kasuwa, ta fito da matan layinsu. Sai Mai Agogo, wanda tun da kowa ya koma duba lokaci a waya ya rasa abin da zai yi da idonsa. Yanzu yana da littafi, kowace safiya yana rubuta tsuntsun da ya sauka. Bara ya kai iri arba'in da bakwai. Ni da nake riƙe da ɗakin karatun makaranta, da na rantse ba su wuce goma ba.

Dokarmu ɗaya ce, Tela ce ta kafa ta: kada a share. Ciyawa ta tsaya yadda ta ga dama. Tsamiyar da iska ta kayar aka bar ta a kwance tana ruɓewa, ƙwari suka shiga, bushiya ta biyo ƙwari, fakara ta yi gida a gindin ciyawa, kazar ruwa ta zo da 'ya'yanta. Mai walda ya kafa ƙaramin tsani a cikin kwalbati don bushiyar da ta faɗa ta samu hanyar fita. Mai sayar da hatsi, wanda da can in ya ga mujiya sai ya tofa addu'a ya ɗauki dutse, yanzu yana da guda biyu a rufin sitonsa, kuma in kika taɓa su sai kun kwana a ofishin 'yan sanda, don ɓeraye sun ƙaura. Shamuwa da ta yi shekaru tana wuce mu ta dawo ta gina sheƙa uku. Ungulu sun kai tara.

Ni aikina a ƙungiyar shi ne in zo da littafi in faɗa musu sunan abin da suka riga suka sani.

Ba mu nemi izininki ba, wannan gaskiya ne. Roƙona ɗaya: kafin tifa ta zo, ki zo ki gani da idonki.

Ɗan kawunki.

*

Lahadi

Sarkin Kwaɗi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta yi kwana goma sha ɗaya a gaban motar direbanku kafin ta iso, har ta sha shayi. Lafiyarmu ƙalau, sai ƙafafuna da suke kumbura in na wuni a tsaye. Gwiwar nan ka rage nauyi, ba hadari ba ne. Ka gaishe min da Yaya, ka ce Allah Ya ƙara mata haƙuri da kai.

Na karanta, na yi dariya, sannan raina ya ɓaci. Shekara ashirin da bakwai ina gidan haya. Ban taɓa buga ƙusa a bango ba tare da na nemi izini ba. Baɗi zan ajiye aiki, kuma abin da nake so a duniya shi ne ƙofar da ni ce mai mabuɗinta, da ɗakin da yarana za su sauka in sun zo da jikoki. Abin da Baba ya bar min ke nan. Ku kuma kun raba shi tsakanin bushiya da ungulu, sai da kuka ga turaku kuka tuna ina da rai.

Magini ya turo min hotuna. Ciyawa har ƙugu, kututture yana ruɓewa, ruwa kore shar. Kai kana ganin littafi, ni ina ganin gadon asibiti. Na san yaran da sauro ya kawo min, na san ƙafar da maciji ya sara yadda take komawa. Wurin da kake yabo, a idona juji ne da ya yi ganye.

Duk da haka albarkacin Kawu zan zo. Ina da hutu Asabar ɗin ƙarshen wata. In na tarar da abin da na gani a hoto, tifa za ta shigo Litinin, kuma kada ka zo min da karin magana.

'Yar gwaggonka.

*

Laraba, tsakiyar damina

Sista,

Assalamu alaikum. Ina fatan shirun nan na mako uku ba ciwo ba ne. Mu lafiya, gwiwa ta lafa, amma da ta ci gaba da ciwo ta hana ni fita ranar da zan ba ki labari, da ta yi min alheri.

Takardarki ta iso da yamma muna bakin kududdufi. Kin san halina, in na ga rubutu mai gishiri ba na iya cinye shi ni kaɗai. Na miƙe na karanta musu da ƙarfi, har ina kwaikwayon muryarki. Da na kai "juji ne da ya yi ganye" na tsaya don a yi dariya. Ba wanda ya yi.

Tela ta dubi ruwan ta ce, "Malam, wato in ta zo ta ga wurin fes, za ta bar mana ruwan?"

Ni kuma, da gilashina a kan hanci, na ce, "Haka takardar ta nuna."

Mai Agogo ya ce, "Fakara tana kan ƙwai fa."

Tela ta ce, "Ciyawa tana sake tsirowa, Baba. Ramin da aka cike ba ya dawowa."

Shawarar da aka tsayar ƙarama ce: a rage ciyawar bakin hanya, a janye kututturen gefe. Washegari makaranta ta tura ni wani gari sa ido a jarrabawa na kwana biyar, na tafi hankalina kwance.

Kin san mutanenmu da baƙo. Labari ya zaga cewa 'yar gari, babbar ma'aikaciyar asibiti, za ta zo duba wuri, kuma ta ce mu ƙazamai ne. Unguwa ta fito kaf, har waɗanda ba su taɓa ɗauke mana leda ɗaya ba. Lauje, adda, tsintsiya. Aka aske ciyawa har ƙasa. Aka faskare tsamiyar, mata suka raba itacen. Wani tsohon hedimasta ya kawo farar ƙasa, aka shafe gindin kowace bishiya zuwa ƙugu, aka jera duwatsu a bakin ruwa su ma aka shafe su. Aka tara ciyawar aka cinna wuta, iska ta ɗauke ta zuwa gefen da aka ce kada a taɓa. Tela tana gudu tana ihu a bari, ana ce mata, "Haba Hajiya, ki huta, yau mu za mu yi miki." Wani ya iso da galan na baƙin mai zai zuba a ruwa don kashe sauro. Mahauci ya je ya tsaya a gabansa. Mahauci ba ya bukatar ɗaga murya, mutane suna tuna sana'arsa. Ruwan kaɗai ya tsira.

Da na dawo ban gane wurin ba. Ya yi kyau, wallahi, kamar harabar ofishin da ake jiran babban baƙo. Na tsaya har magariba ban ji kukan kwaɗo ko ɗaya ba. Mai Agogo ya tsinto ƙwan fakara shida a cikin toka, ya zuba su a hularsa ya tafi da su shago. Littafinsa na wannan makon iri shida ne, biyu daga ciki hankaka da kurciya, waɗanda ko a tasha ana samu. Shamuwa ba ta bar sheƙa ba saboda 'ya'yanta, amma tana kallonmu daga sama yadda kike kallon majinyacin da ya ɓoye maganinsa ƙarƙashin filo.

Ranar Asabar muka fito tasha da kujeru. Tela ta sa sabon mayafi. Motar safe ta zo, ta rana ta zo, ta yamma ta zo. Ba ki zo ba, ba ki aiko ba.

Na karanta littattafai da yawa a kan mutanen da suka lalata abu don ƙiyayya. Ban taɓa karanta na waɗanda suka lalata shi da tsintsiya don ƙauna ba. Kada ki ga laifinsu, bakina ne ya jawo. Na fahimci shirunki. Ki turo tifar, yanzu ba abin da za ta danne sai duwatsu masu farar ƙasa.

Ɗan kawunki, wanda ya ajiye sarautar kwaɗi don babu talakawa.

*

Juma'a

Ɗan Kawu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Abokiyar aikina ce ta kwanta, aka ɗage min hutu. Na rubuta maka layi uku na ba direbanku tun kafin Asabar ɗin. Ka leƙa gaban motarsa, ƙarƙashin tsumman goge gilashi.

Kai da ka karanta littafi dubu ka kasa karanta shafi ɗaya. Yaushe na ce ku share? Na ce ina tsoron sauro da maciji, na ce raina ya ɓaci da ba a tambaye ni ba. Tambaya nake so, ba farar ƙasa ba.

Kuma na zo. Alhamis ɗin da ta wuce, da motar farko, kafin takardarka ta same ni. Ban biyo ta gidanka ba don na san za ka raka ni kana bayani. Na sauka na zagaya bayan tasha ni kaɗai.

Da na ga bishiyoyin nan da fararen gindi sai na ji kamar ban bar wurin aiki ba. Shekara ashirin da bakwai ina cikin farin bango da ƙasa mai sheƙi. Ashe a mota, ban sani ba, abin da nake ta jira shi ne wannan tsamiyar. Baba yana zama a kan saiwarta in ya taso daga aiki, ya ce min, "Yi shiru, ki ji masu gida." Sai kwaɗi su fara. Na nemi ko kututturenta ban gani ba.

Akwai wata mata a durƙushe a bakin ruwa, da kwano da ƙaramar fartanya. Ta ciro ciyawa da saiwarta daga wani wuri, cike da buhu, tana dasawa ɗaya bayan ɗaya a cikin toka, tana zuba wa kowace ruwa da tafin hannu. Ciyawa fa, Ɗan Kawu. Abin da duniya take biya a cire. Na matsa kusa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baiwar Allah, ɗaga ƙafarki, kin taka min guda biyu."

Na ce, "Yi haƙuri. Na ji an ce cike wurin za a yi. Wahalar me kike sha?"

Ta ce, "Ba a cike ba tukuna. Mai wurin tana birni, ba ta san abin da take da shi ba. Mu da muka sani ma kin ga abin da muka yi. In ta cike, ta cike. Amma ba zan bari ta binne shi tsirara ba."

Ina tsaye sai ga wani ƙaton mutum yana turo baro, gumi har ƙasa, da ruɓaɓɓen kututture a kai. Daga wajen masu yankan katako ya roƙo shi. Matar ta ce masa, "Ba nan ba, can inda tsamiyar take a da." Ya ce, "Ke dai kin fi gwamnati." Ya kai inda ta ce. Wani tsoho kuma yana zaune a kan dutse da littafi, bai motsa ba tun da na zo. Can sai ya ɗaga yatsa ya ce a hankali, "Zalɓe." Duka ukun suka tsaya cak, ni ma na tsaya. Tsuntsun ya sauka a bakin ruwa, ya dube mu, ya ci gaba da harkarsa. Tsohon ya rubuta a littafinsa.

Na san masu jinya in na gan su. Akwai mai yi don ana kallonsa, akwai wanda yake juya majinyaci yana goge masa baya ko da likita ya ce ba zai kai gobe ba. Irin na biyun ba su da yawa. Na koma da motar rana ban faɗa wa kowa ko ni wace ce ba.

Ga abin da na yanke, kuma kada ka karanta wannan a gaban kowa da muryata. Na ce wa magini ya cire turakunsa ya mayar kan tudun bakin hanya. Ɗaki biyu kaɗai wurin zai ɗauka. Ɗakin yara da jikoki ya tafi, kuma kada ka ɗauka bai yi min ciwo ba, na yi shekaru ina shirya shi a kaina har da labule. In sun zo, gidanka za su sauka, ka karanta musu jarida. A zuba ƙananan kifi a ruwan su cinye 'ya'yan sauro. Tagogina duka da raga. Daga ƙofata zuwa taku uku nawa ne, zan share shi kullum, maciji ya tsaya a nasa gefen. Kuma don Allah a wanke wa bishiyoyin nan ƙafa.

'Yar gwaggonka.

*

Talata, ƙarshen damina

Ranki ya daɗe, mai gida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na rage nauyi kamar yadda kika ce, gwiwa kuma tana nan tana hasashen hadari, don haka ɗayanmu bai san aikinsa ba. Layinki uku sun fito daga ƙarƙashin tsumma jiya. Direba ya miƙo min da murmushi ya ce, "Saƙon gaggawa ne, Malam."

Ban karanta takardarki da muryarki ba. Da tawa na karanta, a zaune, ba tare da sharhi ba, wanda shi ne abu mafi wuya da na yi bana. Mahauci ya tashi ya tafi bayan bishiya, ya ce hayaƙi ne ya shiga idonsa. Ba a hura wuta ba. Da Tela ta gane wadda ta kora daga kan ciyawa, ta rufe baki da mayafi, sannan ta ce, "To ai ta taka ɗin."

Magini ya mayar da turaku, an haƙa harsashi. Hedimasta da kansa ya zo da soso da bokiti, amma ruwan sama ya riga shi rabin aikin. Kifi sun shiga. Kwaɗi sun dawo, da ƙarfin da nan gaba za ki rubuto min ƙorafi a kai. Littafin Mai Agogo ya kai ashirin da uku. Fakara ba ta dawo ba. Ya ce wataƙila baɗi, wataƙila ba za ta sake yarda da mu ba, kuma ba zai ga laifinta ba. Har yanzu ƙwan nan shida suna cikin akwatin gilashin da yake ajiye agogo.

Batun jikoki: Uwargida ta riga ta kwashe littattafaina daga ɗakin baya. Ta ce ta shekara ashirin tana neman dalili.

Jiya da safe na bi ta wurin na tarar da Tela a inda ƙofarki za ta kasance. Ta auna taku uku da ƙafarta, ta sake aunawa, ta ƙara ɗan kaɗan, ta ce ai kin fi ta tsawo. Ta kafa turke, ta ɗaura masa igiya, a ƙarshen igiyar ta ɗaure sabuwar tsintsiya. Ta ce in faɗa miki kyauta ce ta maraba, kuma iyakar inda igiyar ta kai, iyakar inda za ki share ke nan.

Na ja igiyar na gwada. Ba ta kaiwa ciyawa.

Ɗan kawunki,
Sarkin Kwaɗi, wanda aka mayar kan gadonsa.